Likita ya fara rage mini atenolol, zuciyata ta ƙi kwanciya: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Baban Yusra, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka sani. Shekara huɗu ke nan ina shan atenolol mai miligiram 100 saboda hawan jini. Jinin ya sauka, amma tun da na fara shi ban ƙara jin ƙarfin jikina ba. Kullum kasala, tafin ƙafata sanyi ƙalau ko a watan Afrilu da kowa ke neman inuwa, in na hau bene a wurin aiki sai na tsaya na huta a tsakiya. Da na koma asibiti aka ƙirga bugun zuciyata aka samu 52 a minti. Likita ya ce zai mayar da ni kan amlodipine, amma shi atenolol ba a yanke shi lokaci guda, don haka ya fara ba ni amlodipine ɗin, ya rage mini atenolol zuwa 50, ya ce in dawo bayan mako biyu. To tun kwana na uku abin ya taso. Zuciyata na dukan uku-uku, musamman in na kwanta, har cikin kunnena nake jin ta. Ga ciwon kai, ga rawar hannu, barci kuwa rabi da rabi. Jiya da daddare na'urar gida ta nuna 150/94, bugu 98. Uwargida ta ce in koma kan 100 ɗin kawai a huta. Ni kuma ba na son komawa waccan kasalar. Don Allah haka abin yake yi, ko wani ciwon ne daban ya kama ni?

Maman Haidar: Wa alaikumus salam. Sannu Yaya, Allah ya ƙara afuwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kafin a yi nisa bari in tambaye ka abu uku. Kana jin ciwo ko nauyi a ƙirji? Numfashinka yana sarƙewa, musamman in ka kwanta rigingine? Ka taɓa jin jiri har ka kusa faɗuwa?

Baban Yusra: A'a Sista, babu ko ɗaya. Bugun ne dai da faɗuwar gaba, kamar wanda ake jiran a kawo wa mummunan labari.

Abu Mai Albasa, Jega: Malam ka ji tsoron Allah ka ceci kanka daga ƙwayoyin nan. Duk wanda ya fara shan maganin hawan jini ya zama bawansa har kabari. Ka ajiye shi gaba ɗaya yau ɗin nan, ka kama zoɓo marar suga safe da yamma, da tafarnuwa da zuma. Ni haka na yi kuma ga ni garau ina kasuwa.

Maman Haidar: Malam Abu don girman Allah kada ka ƙara ce wa mai shan wannan maganin ya ajiye shi yau ɗin nan. Wannan maganar tana iya kai mutum lahira.

Abu Mai Albasa: Rai a hannun Allah yake Sista. Ku ma'aikatan asibiti kullum tsorata mutane kuke yi.

Kawu Na-Argungu: Abu ɗana, saurara in ba ka labari, don ni da idona nig gani. Ƙanena da muke ciki guda, manomin shinkahwa ne nan fadama. Shekarun baya yat taɓa ciwon ƙirji, anka kai shi Sakkwato, likitoci sunka ce jijiyar zuciyarshi ta tsuke, sunka aza shi bisa magunguna, ciki har da irin wanga da kuke magana. Yana sha lahiya lau. Ran nan maganin ya ƙare lokacin girbi, kuɗi ba su shigo ba tukuna, yac ce bari a sayar da buhu biyu tukuna. Kwana huɗu bai sha ba. Rana ta biyar muna masussuka sai na gan shi ya duƙa ya dahe ƙirji, zuhwa ta jiƙa mashi riga sharkaf, leɓɓanshi sun yi toka-toka. A bayan a-kori-kura munka ɗauko shi, kanshi bisa cinyata, ina karanta mashi abin da ya sawwaƙa. Allah ya yi da sauran kwana. Abin da likita ya hwara tambaya shi ne, yaushe rabonshi da maganin? Rai a hannun Allah yake, wannan gaskiya ne, amma Allah ne ya ce a bi sababi.

Ummu Aiman: Innalillahi. Allah ya ƙara masa lafiya Kawu.

Famasis Zuru: Bari in yi bayanin abin da ke faruwa a jiki, saboda in mutum ya gane shi tsoron yakan ragu. Atenolol yana cikin dangin magungunan da ake kira beta-buloka. 'Yan uwansa su ne propranolol, bisoprolol, metoprolol, carvedilol, labetalol da nebivolol, za ku ga kusan duk sunan yana ƙarewa da "lol". Jikin ɗan Adam yana da sinadarin adirinalin, wanda in ka tsorata ko ka yi gudu shi ne ke sa zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi. A jikin zuciyar akwai wuraren da wannan sinadari ke sauka ya ba da umarni. Aikin maganin shi ne ya toshe waɗannan wuraren, sai zuciya ta rage gudu, jini ya sauka. Daga nan kasala da sanyin ƙafa suke zuwa.

To jiki ba ya zama haka nan. In aka daɗe ana toshe masa, sai ya ƙara yawan wuraren, ya kuma ƙara musu saurin ji. Ranar da ka janye maganin lokaci guda, adirinalin zai tarar da wuraren sauka fiye da na da, duk a buɗe. Kamar dokin da aka daɗe ana ja wa linzami ne aka sake shi farat ɗaya. Bugu ya haura, jini ya haura, zuciya ta nemi iskar da ta fi wadda jijiyoyinta za su iya kawo mata. Mai lafiyayyun jijiyoyi zai ji faɗuwar gaba da rawar jiki. Wanda jijiyarsa ta riga ta tsuke, irin ƙanin Kawu, shi ne zai iya samun ciwon ƙirji ko toshewar jijiyar gaba ɗaya. Shi ya sa ake saukowa mataki-mataki, aƙalla cikin mako ɗaya zuwa biyu, wani ma a ja masa fiye da haka, don jiki ya samu lokacin da zai mayar da kansa daidai.

Sadiq Aliero: Yallabai to ashe shi ma kamu yake yi kamar tiramol ke nan?

Famasis Zuru: A'a, sam ba ɗaya ba ne. Ba ya bugarwa, ba ya sa mutum ƙishirwarsa, babu wanda ya taɓa sayar da babur ɗinsa don ya sayi atenolol. Sabo ne na zuciya da jijiyoyi, kuma yana warwarewa in an bi a hankali. Maganin ba baƙo ba ne. Tun shekarun 1960 ake amfani da propranolol, wanda ya ƙirƙiro shi, James Black, har kyautar Nobel ya samu a 1988. An san halinsa ciki da waje.

Baban Yusra: Na gode Yallabai, wallahi yanzu na fara gane abin. Amma ni ai ban yanke ba, rabi kawai aka rage. Me ya sa nake jin duk wannan?

Famasis Zuru: Daga 100 zuwa 50 ba ƙaramin tsalle ba ne ga wanda ya yi shekaru a kai. Kuma akwai abin da mutane ke mantawa: shi kansa amlodipine a kwanakin farko yana iya kawo ciwon kai, jin zafi a fuska da jin bugun zuciya, saboda buɗe jijiyoyi yake yi. Daga baya wasu yakan kumbura musu idon sawu. Yana kuma ɗaukar kamar mako guda kafin ya zauna sosai a jini. Ka ga a yanzu kana tsakanin biyu, tsoho ya ja baya, sabo bai gama kama aiki ba. Sannan wanda ya saba da 52, in ya koma 90 da ɗoriya zai ji kamar zuciyar za ta fasa ƙirji, alhali ga babban mutum a zaune 60 zuwa 100 ne ake ɗauka daidai.

Abu Mai Albasa: To ku duba fa, magani ɗaya ya kawo ciwo, an kawo na biyu shi ma ya kawo nasa. Ni dai zoɓona bai taɓa kumbura mini ƙafa ba.

Maman Haidar: Malam Abu yaushe rabonka da a auna ka?

Abu Mai Albasa: An kwana biyu. Amma ai jikina nake ji.

Maman Haidar: Hawan jini ba a jin sa a jiki, abin da ya sa yake cin mutane ke nan. Wallahi waɗanda ake kawo mana da shanyewar ɓarin jiki, da yawansu 'yan uwa cewa suke yi jiya ma yana kasuwa lafiyarsa ƙalau. Ban ce zoɓo banza ba ne, an gwada an ga yana ɗan rage jini kaɗan. Amma ba ya tsaya wa zuciyar da aka janye wa beta-buloka. Don Allah ranar kasuwa ka ratse a ɗaura maka awo a hannu, minti biyu ne.

Mai kula da zaure: Wani ɗan uwa ya turo mini saƙo ta gefe, ya ce in sanya ba tare da sunansa ba. Ga shi kamar yadda ya rubuto: "Ni ma propranolol nake sha. Abin da ba wanda ya faɗa shi ne maganin nan yana kashe wa namiji gaba. Iyalina biyu, har an fara zargin ko an yi mini asiri ne, ɗaya tana zargin ɗaya. Kunya ta hana ni gaya wa likita, musamman da yake wani lokaci mace ce ke duba mu. Abin da nake yi shi ne in ranar da nake da buƙata ta zo sai in tsallake maganin kwana biyu, in sha na ƙarin ƙarfi da nake saya wurin masu talla. Ga mafarkai marasa daɗi kusan kullum. Ina mafita?"

Kawu Na-Argungu: Allah sarki. Wanga bawan Allah ya faɗi abin da ke cikin maza da yawa.

Dakta: Assalamu alaikum. Yanzu na fito daga ɗakin marasa lafiya na tarar da saƙonni sun taru. Zan fara da ɗan uwan da ya ɓoye sunansa, saboda nasa ne ya fi tayar mini da hankali.

Malam, abin da ka faɗa gaskiya ne, ba asiri ba ne, kuma ba kai kaɗai ba ne. Tsofaffin beta-buloka irin propranolol da atenolol suna iya rage ƙarfin namiji. Mafarkan ma sananne ne, propranolol yana ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa fiye da atenolol, shi ya sa yake dagula barci. Amma shi ma hawan jinin da kansa, da ciwon suga, da taba, duk suna lalata jijiyoyin wurin, don haka sai an duba kafin a ɗora wa magani laifi shi kaɗai. Abin da kake yi na tsallake kwana biyu ka koma, ka sake tsallakewa, shi ne mafi haɗari a duk abin da na karanta a nan. Kowane mako kana jefa zuciyarka cikin halin da Famasis ya bayyana, kuma a daidai lokacin da za ka ɗora mata aiki. Sannan na masu tallan nan ba ka san abin da ke ciki ba. Ana samun waɗanda ake cakuɗa musu sildenafil, wato maganin asibiti na ƙarfin maza, a ɓoye, wanda in ya haɗu da maganin ciwon ƙirji na dangin naitiret, irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe ko isosorbide, jini na iya faɗuwa warwas. Ka je gobe, ka ce kana son ganin likita namiji, haƙƙinka ne. In baki ya yi nauyi ka rubuta a takarda ka miƙa masa. In don hawan jini kawai aka ba ka, akwai magungunan da za a mayar da kai kansu. Kuma ka zaunar da iyalinka ka gaya musu magani ne, kada gida ya watse a kan zargin da ba shi da tushe.

Baban Yusra, ban duba ka ba, don haka ba zan canza abin da likitanka ya tsara ba. Amma dalilinsa a bayyane yake. Ga hawan jini zalla, wanda babu ciwon zuciya tare da shi, beta-buloka ba ya cikin na sahun farko a jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, kuma an daɗe da sanin cewa a jikin baƙar fata bai kai amlodipine da magungunan sa fitsari sauke jini ba in shi kaɗai ne. Ga bugu 52 da kasala. Canjin yana kan hanya. Abin da kake ji ya yi kama da na janyewa, yakan fi tsanani a kwanakin farko, ya lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kada ka koma 100 da kanka, kada kuma ka yi gaggawar ajiye 50 ɗin. Amma ba sai ka jira mako biyun sun cika ba. Ka koma cikin satin nan da takardar awonka, wataƙila ya ga ya dace a sassauta saurin saukar, ko a yi maka awon zuciya na i-si-ji, a duba jini da maƙoƙo, domin ƙarancin jini da yawan aikin maƙoƙo su ma suna sa zuciya gudu, kuma maganin kan rufe su ba a gani sai an rage shi.

In kuwa ka ji ƙirji ya yi nauyi ko yana matsewa, ciwon yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ko zufa mai sanyi, ko numfashi ya gagara, ko ka suma, ko bugun ya zama ba tsari yana tsalle-tsalle, ko kana zaune ya haura 120 ya ƙi sauka, ko baki ya karkace, to ko ƙarfe biyun dare ne sai asibiti. Kada ka tsaya rubuto mana a zaure.

Baban Yusra: Allah ya saka da alheri Dakta. Jibi in sha Allahu zan koma. Kafin nan akwai abin da zan yi in samu sauƙi? Daren ne ya fi wahala.

Maman Haidar: Yaya me kake sha da yamma?

Baban Yusra: Shayi dai a majalisa bayan Isha'i, irin mai kaurin nan. Da goro kaɗan.

Maman Haidar: To ka ga wannan sai an haƙura da shi na ɗan lokaci. Shayi mai kauri, Nescafe, goro, lemukan ƙarin kuzari na gwangwani, taba, duk suna zuga zuciya. Da can atenolol ɗin ne ke danne su ba ka ji. Maganin mura ma ka kiyaye, masu buɗe hanci da yawa suna ɗauke da sinadarin da ke ƙara bugu da jini. Haka diclofenac da ibuprofen da muke sha kamar gyaɗa in jiki ya yi ciwo, suna tayar da jini, ga illa ga ƙoda. In ciwon kai ne, paracetamol ya wadatar. Ka sha ruwa sosai, zafin Kebbi ba wasa ba ne, kuma rashin ruwa a jiki shi kaɗai yana sa zuciya sauri. In za ka tashi daga kwance ka fara zama tukuna. Aikin ƙarfi da ƙwallo a jinkirta har a gama saukar, amma tafiya a ƙafa da sanyin safiya tana da kyau.

Sai maganar na'ura. Na san halin masu ita, mutum ya ji gabansa ya faɗi ya ɗaura, ya ga ta hau, ya ƙara tsorata, ya sake ɗaurawa, ta ƙara hawa, haka har asuba. Ka auna sau biyu kawai, safe kafin magani da kuma dare, bayan ka zauna shiru minti biyar, bayanka a jingine, hannun a kan teburi daidai ƙirji. Ka rubuta a littafi da lokacin. Wanda ba shi da na'ura ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ya ƙirga na daƙiƙa 30 ya ninka biyu. In bugun ya taso da dare, ka tashi zaune, ka ja numfashi a hankali ta hanci, ka sake shi a hankali ya fi jan tsawo, kana tasbihi. Yana taimakawa ƙwarai.

Ummu Aiman, Bunza: Dakta don Allah ni ma a taimaka mini. Bayan na haihu da wata biyu ƙafafuna suka kumbura, ba na iya kwanciya sai a jingine da filo uku, ko ɗaukar yaron na yi sai haki. Aka kai ni asibitin koyarwa na Birnin Kebbi aka yi hoton zuciya, suka ce ta buɗe ta yi rauni. Cikin magungunan da aka ba ni akwai carvedilol safe da dare. Alhamdulillahi yanzu wata takwas, ina girkina ina wankina. Surukata ta ce tunda na warke in bar shan magani haka nan, ƙwaya tana ƙona nono, kuma ana son a yi wa Aiman ƙani. Da na ga ana maganar ragewa a hankali sai na ce ko ni ma in fara rabawa biyu?

Dakta: Ƙanwata, a'a. Ina roƙon ki kada ki taɓa shi. Naki da na Baban Yusra ba hanya ɗaya ba ce ko kaɗan, kuma wannan ne abin da nake so duk wanda ke karantawa ya riƙe: kafin a yi maganar yadda ake barin maganin, sai an san don me aka ba da shi. Shi hawan jini ne, akwai abin da zai maye gurbi. Ke raunin zuciya ne na bayan haihuwa, ciwon da ya yi yawa a arewacin Najeriya fiye da yawancin sassan duniya. A irin wannan ciwo carvedilol da bisoprolol suna cikin magungunan da aka tabbatar suna rage mutuwa, suna ba zuciyar hutun da take farfaɗowa. Sauƙin da kike ji, da taimakonsu kike jin sa. An yi wani ƙaramin bincike a Ingila da aka buga a 2019, a kan masu zuciyar da ta buɗe waɗanda hoto ya nuna sun murmure, aka janye musu magunguna a hankali ƙarƙashin kulawa. Cikin wata shida kusan huɗu cikin goma ciwon ya dawo musu. Waɗannan fa hoto ya riga ya nuna sun warke, ke ko hoton na biyu ba a yi ba.

Ki koma a sake hoton zuciya. Shi ne zai faɗa, ba yadda kike ji ba. Maganar ciki kuma mai nauyi ce: in zuciyar ba ta koma daidai ba, wani cikin yana iya tafiya da rai, kuma wasu daga magungunan da ake haɗawa da carvedilol, irin lisinopril, ba a shan su da ciki. Ki tafi da maigidanki, in da hali da Hajiyar ma, likita ya yi musu bayani da bakinsa, a yi maganar tazarar haihuwa a gabansu. Batun nono ki faɗa wa likitan kina shayarwa, zai duba jerin magungunan ya zaɓi waɗanda suka dace. Gishiri, dunƙulen miya da kunun kanwa a ci gaba da ƙaurace musu.

Ummu Aiman: To Dakta, na ji. Zan nuna wa Baban Aiman wannan saƙon yau da daddare. Ni dama ba na iya yi wa Hajiya musu.

Hajiya Yauri: 'Yata, ki bar mijinki ya yi maganar da uwarsa, ba ke ba. Ya ce mata likita ne ya hana, ya kuma ɗauke ta su je tare. Mu surukai in an girmama mu an kai mu gaban likita muna ji.

Sadiq Aliero: Dakta ni kuma na gani a Facebook wai Turawa sun gano maganin nan ba shi da wani amfani ga wanda ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya. Mahaifina yana kan bisoprolol, har na tura masa.

Dakta: Sadiq ka kira Baba yanzu ka ce masa kada ya daina. An yanko labarin ne aka bar rabi. A 2024 wani bincike da aka yi mafi yawa a Suwidin, a kan mutum kusan 5,000, ya nuna cewa waɗanda suka samu toshewar, aka buɗe musu jijiya, kuma ƙarfin bugun zuciyarsu bai ragu ba, ɗora su kan beta-buloka bai rage musu mutuwa ko sake kamuwa ba. A shekarar dai a Faransa aka ɗauki kusan 3,700 da suka daɗe suna sha, aka dakatar wa rabi. Waɗanda aka dakatar wa jininsu da bugunsu sun hau, sun fi komawa gadon asibiti, kuma jin daɗin rayuwarsu bai ƙaru ba. Likitocin zuciya suna ta tattauna wannan har yanzu. Amma babu ɗaya cikin binciken da ya shafi mai raunin zuciya, kuma babu wanda ya ce mutum ya ajiye magani a gida da kansa. Abin da za ka yi wa Baba shi ne ka raka shi ranar asibiti, ku tambayi abin da hoton zuciyarsa ya nuna.

Sadiq Aliero: Na kira shi, bai daina ba alhamdulillah. Na goge saƙon.

Hajiya Yauri: Dakta ni mai suga ce, ina allurar insulin, ina kuma shan atenolol. Da can in sugana ya faɗi ina sani, gabana ya yi ta faɗuwa hannuna na rawa, sai in nemi dabino. Yanzu ba na jin komai sai dai in ga zufa ta keto mini, idona ya yi duhu. Rannan jikata ce ta ɗura mini ruwan suga a baki.

Dakta: Hajiya wannan aikin maganin ne. Faɗuwar gaban da rawar hannun adirinalin ne ke kawo su don ya gargaɗe ki, shi kuma maganin ya toshe shi. Zufar kuwa ba ya hana ta, don haka duk zufar da ta zo ba dalili ki ɗauke ta suga ne ya faɗi, ki auna in da na'ura, in babu ki sha abu mai zaƙi nan take. Ki gaya wa likitanki wannan labarin na jikarki yadda kika faɗa mana, wataƙila a rage insulin ko a sake duba atenolol ɗin. Masu asma kuma su sani, propranolol yana iya shaƙe su, duk inda za a rubuta musu magani su faɗi cewa suna da asma.

Famasis Zuru: Akwai abin da nake gani kullum a kanti wanda ya kamata a faɗa. Yawancin waɗanda suka yanke maganin nan lokaci guda ba da niyya suka yi ba. Tun 2023 da kuɗin komai ya tashi, mutum zai zo ya sayi kati ɗaya na kwana goma, ya ƙare, sai an yi albashi. A ɓangarenmu kuma wani lokaci hanya ce ba ta biyuwa, mutumin ƙauye ya yi mako bai iya shigowa gari ba. Shawarata, in saura na mako guda a nemi wani, kada a jira ƙwayar ƙarshe. In kuɗi ne matsalar a faɗa wa likita ko famasis ƙarara, akwai na kamfanoni masu sauƙi da ke da rajistar NAFDAC, sinadarin ɗaya ne. A riƙa ɗaukar hoton kwalin a waya, don in an aiki yaro kada a ba shi mai 100 a madadin mai 50. Kuma ba kowace ƙwaya ake rabawa ko dakawa ba, akwai metoprolol da aka yi shi ya riƙa narkewa a hankali tsawon yini, in aka tauna shi ko aka daka duk zai shiga jini lokaci guda.

Abu Mai Albasa: Sista na je kemis ɗin bakin tasha an auna ni. Wai 172 bisa 104. Yaron ya ce in zauna in huta ya sake, ya samu 168. Wannan da yawa ne?

Maman Haidar: Da yawa ne Malam Abu. Na ji daɗi ƙwarai da ka je. Kada ka bari a ba ka magani a kemis ɗin, kada kuma ka koma kan tsohon da ka ajiye. Gobe da safe ka je babban asibitin Jega ka yanki kati, a duba fitsari da ƙoda da suga, likita ya zaɓa maka wanda ya dace. In kafin goben ka ji matsanancin ciwon kai, ko gani ya dushe, ko hannu ya yi nauyi, kada ka jira gari ya waye.

Abu Mai Albasa: Gobe akwai mota biyu da za a yi wa lodi zuwa kudu.

Kawu Na-Argungu: Abu, ka bar ma yaranka lodin. Ka tai asibiti.

Abu Mai Albasa: To Kawu. Ƙarfe nawa suke fara ba da kati?

Maman Haidar: Ka isa kafin takwas don layi. Ka tafi da kwalin tsohon maganin in yana nan, likita zai so ya ga wanne ne.